Yadda Na Kusa Karya Jarin Mama

Duk wanda ya zauna a ɗakin kwanan maza tare da ni a shekarata ta fari ya san sunan da aka laƙaba mini, watau Sarkin Acca. Waɗansu har yau da shi su ke kirana, ni kuwa na daina fushi, gama accar nan ita ta biya mini kuɗin makaranta tun daga ranar da na shigo. Da Malam Edita ya ce kowa ya kawo abin da zai amfani 'yan'uwa a shafin Hausa, sai na ga ya kamata in ba da labarin yadda na sami sarautar nan, da irin wautar da na tafka a cikinta. Na san ba ni kaɗai ba ne a kwalejin nan wanda ƙaramar sana'ar cikin gida ke riƙe da shi. Uwar wani ƙuli-ƙuli ta ke yi, ta wani daddawa, yayar wani kuwa keken ɗinki gare ta a ɗaki. Kowannenmu in ya dawo daga hutu da ɗan kaya a jaka ya kan so ya taimaka a sayar. To, ga abin da ya same ni.

Ƙauyenmu yana cikin duwatsun ƙasar Pankshin. Mahaifina ya rasu a 2019, ya bar Mama da mu huɗu, ni ne babba. Abin da ya bar mana gona ce mai tsakuwa, wadda masara ba ta yi a cikinta sai an zuba taki, takin kuwa ya fi ƙarfinmu. Amma acca ba ruwanta da wannan. A kan watsa irinta da hannu bayan damina ta zauna, ta fito kamar ciyawa, in kaka ta yi a yanke da lauje. Iri biyu ne a wajenmu, akwai fara, ita ce acca, akwai kuma iburu mai ɗan duhu. Ba a ƙasar Filato kaɗai a ke nomanta ba. Ana yi a Bauchi da kudancin Kaduna, can yamma kuma ƙasar Gini ta fi kowace ƙasa a duniya nomanta. Da ita mu ke tuwo da kunu da gwate. Wanda duk ya taɓa shan gwaten acca da safe a sanyin Disamba ya san abin da na ke faɗi.

Noman acca ba wuya, gyaranta shi ne aiki. Ƙwayarta ƙanƙanuwa ce ƙwarai, kusan daidai da ƙwayar yashi, tun da ya ke kuma a ƙasa a ke sussuka ta, tilas su gauraya. Sai a surfa a turmi, a sheƙe, a sake surfawa, a sake sheƙewa, har ɓawon ya fita sarai. Sa'an nan a zo ga regewa. Mama ta kan jera ƙorai da ruwa, ta riƙa juya ƙwarya a hankali, accar na gangarawa cikin wata ƙwaryar, yashin na kwantawa a gindi. Ta kan yi haka sau biyar ko shida, kana ta shanya a kan tsabtataccen zane, ba a kan dutse ba. In ta bushe sai ta ɗebi kaɗan ta tauna. In haƙorinta ya ji ko ƙwayar yashi ɗaya, an koma ruwa ke nan. Yini guda cur, har da taimakon ƙannena, ba ta gama abin da ya wuce mudu 5 ko 6.

Ga inda wahalar ta ke. In ka kai irin wannan acca kasuwar Mangu, ka ajiye ta kusa da wadda aka rege sau ɗaya, ido ba ya raba su. Yashin acca ba a ganinsa, haƙori ne kaɗai ke ba da labarinsa, shi ma sai bayan an biya kuɗi, an kai gida, an dafa. Saboda haka 'yan sari kuɗi ɗaya su ke ba kowa, da mai tsabta da mai ha'inci. Shekara uku Mama tana sayar da guminta a kan kuɗin da a ke sayen ta malalata. Ba mai yarda ya ƙara ko naira ɗaya domin tsabtar da bai gani ba, sai wanda ya san hannun da ya gyara, ko kuwa wanda ya yarda da bakin wanda ya sani. Ita ta san da haka tun tuni. Ni ne ban sani ba, ga ni kuma da taƙamar na yi karatu.

Sa'ad da na sami shiga kwalejin nan a ƙarshen 2022, na zo da mudu 10 a buhu, da niyyar in nuna wa Mama amfanin ilmi. Na sami kwali na rubuta talla da manyan baƙaƙe, na manna a jikin bishiya kusa da ɗakin cin abinci. Na zuba accar a faranti na ɗauki hotonta, na aika ta WhatsApp ga duk wanda lambarsa ke cikin wayata. Mako biyu ba wanda ya sayi ko rabin mudu. Abin da na samu kaɗai shi ne sarautar da na ambata, da rawanin da wani ɗan ajinmu ya zana mini a jikin kwalin.

Da zan taho daga gida kuwa, Mama ta ƙulla mudu 2 daban, ta ce in kai wa wata Malama da ke zaune a gidajen ma'aikata, wadda suka taɓa haɗuwa a taron Zumuntar Mata. Ta ce, "Ka gaishe ta da kyau, ka tambayi lafiyar surukarta, ka ajiye ka taho. Kada ka kuskura ka yi zancen ciniki."

Na ce a raina wannan ai asara ce, mudu 2 a banza. Har na yi shawarar in haɗa su da na sayarwa, amma da na ga goman ma ba su motsa ba, sai na kai. Bayan kwana huɗu Malama ta aiko a kira ni. Ashe surukar tata tsohuwa ce mai ciwon sukari, ta bar cin tuwon masara, acca ta ke so, amma duk wadda aka sayo a kasuwa sai yashi ya hana ta ci, ga haƙoran kuma saura kaɗan.

Malama ta ce, "Ɗana, wa ya gyara wannan?"

Na ce, "Mama ce, da hannunta."

Ta ce, "Saura nawa gare ka?"

Nan take ta sayi mudu 5, ba ta ko taya ba. Kafin mako ya zagayo maƙwabtanta biyu sun kwashe sauran. Daga nan abin ya riƙa tafiya daga baki zuwa baki. Malama ta gaya wa ƙanwarta mai aikin jinya a Jos, ƙanwar ta gaya wa abokan aikinta, ɗaya daga cikinsu ta gaya wa wata mai ɗakin abinci a Bukuru. Ba wanda ya taɓa zuwa ya ce mini ya ga hoto ko ya karanta kwali. Kowa sai ya ce, "Wance ce ta aiko ni." Watau kowane mai saye da sunan wani ya ke shigowa, wanda ya aiko shi kuwa ya ba mu aron mutuncinsa ke nan. Ni a lokacin ban ga wannan ba, kuɗin kawai na ke ƙirgawa.

Wautata ta fari ta zo ne a farkon 2023. Kowa ya tuna lokacin da aka canza takardun naira 200 da 500 da 1,000, kuɗin hannu ya yi wuya ƙwarai daga Janairu har cikin Maris. Mutum yana da kuɗi a banki amma ba shi da na sayen gishiri. A daidai wannan lokaci na dawo daga gida da mudu 40, iyakar abin da Mama ta gyara a hutun Kirsimeti. Yanzu kuwa har 'yan ɗakinmu sun ɗanɗana kunu sun ji daɗi. Wanda ya zo sai ya ce, "Ba ni biyu, in kuɗi ya samu na kawo." Yaya zan yi in hana? Wannan abokina ne, gadonsa bisa nawa ya ke. Wancan ɗan garinmu ne. Wancan kuma kawuna ne mai aiki a cikin gari. Ban rubuta kome ba, gama a ganina rubuta sunan aboki a takardar bashi kamar zarginsa ne. Da buhu ya ƙare na zauna na yi lissafi, sai na tarar mudu 14 kaɗai aka biya. Sauran 26 suna hannun mutane, 5 daga ciki ma na manta wa na ba.

Kuɗi ya dawo gari amma bai dawo wurina ba. Abokin nan da mu ke cin abinci a kwano ɗaya ya fara sauya hanya in ya hango ni. Ni ma in na gan shi tafe sai in ji nauyi, in sunkuyar da kai kamar ina karatu. Shi yana gudun kada in tambaya, ni ina gudun kada a ce na tambaya. Muka yi wata biyu a ɗaki ɗaya, maganarmu ba ta wuce "ina kwana" ba. Kawu kuwa da na yi ƙarfin hali na tuna masa, sai ya ce, "Af, ashe accar 'yar'uwata ma sai na saya? Lalle boko ya ɓata ku." Na fito gidansa ina jin kamar ni na ci bashin. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ni dai abin da na gani shi ne, in ya shiga tsakanin abokai, da kuɗin da abotar tare su ke tafiya.

A gida kuwa abin ya fi haka muni. Mama tana cikin adashe da matan unguwarmu, da kuɗin accar ta ke zubi. Sau biyu zubi ya zo ba ta da abin bayarwa, ga kuma kuɗin jarrabawar ƙanwata ya taso. Sai da ta kai akuyarta mai ciki kasuwa. Ba ta gaya mini ba, a bakin ƙanena na ji.

Da na ji haka sai na ƙudura lalle in mai da asarar nan ko ta wace hanya, nan kuwa na tafka wauta ta biyu, wadda ta fi ta fari. A watan Afrilu ƙanwar Malama za ta aurar da 'yarta a Jos, ta aiko tana son mudu 30 kafin kwana uku, har ta turo kuɗin duka. Na yi wa Mama waya, ta ce 18 ne gyararru. Ta ce, "Ka gaya mata gaskiya, 18 mu ke da su. In tana son sauran sai bayan mako guda, in ba ta iya jira ka mai da mata kuɗin 12." Na dubi kuɗin nan a wayata, na tuna da akuya, na kasa mayarwa. Na sauka a kasuwa na zaɓi wadda ta fi haske, na sayi mudu 12. Na shafa ta a tafin hannu, ban ji kome ba. Don kada a gane bambanci kuma sai na juye su buhu ɗaya da ta Mama na gauraya. Watau da hannuna na ɓata mudu 18 na kirki domin in ɓoye 12.

Bayan biki da kwana biyu Malama ta aiko a kira ni. Na tarar da ita zaune a falo, ga ɗan faranti a rufe bisa tebur. Ba ta ɗaga murya ba. Ta buɗe farantin ta ce, "Ɗana, ci."

Na kai loma ɗaya, sai na ji ƙaras a haƙorina.

Ta ce, "Ni na ce wa ƙanwata ta rufe ido ta dafa, kada ta ɓata lokaci wajen regewa, gama na san hannun da ya gyara. A gaban surukan 'yarta aka ajiye wannan. Ban kira ka don kuɗi ba. Abu ɗaya na ke so in ji. Uwarka ce ta yi haka, ko kai ne?"

Jama'a, na sha bulala a makarantar mishan, amma ba wadda ta shige ni kamar tambayar nan. Da na ce ban sani ba, da laifin ya koma kan Mama. Na faɗi gaskiya tun daga fari har ƙarshe. Malama ta ce, "To, na gode da ba ka ƙara ƙarya a kai ba. Je ka gaya mata da bakinka."

Ran Asabar na tafi gida. Na tarar da Mama a gindin turmi, na gaya mata. Ta daɗe ba ta ce kome ba, sai da ta gama sheƙe abin da ke cikin faifai, kana ta ce, "Nawa ka samu a kan sha biyun?" Na faɗa. Ta ce, "To, a kan wannan ka sayar da sunana da na Malama. Ka yi araha."

Ba ta ƙara wata magana ba. Ta ranci acca a rumbun maƙwabciyarmu, muka yi kwana biyu ana surfe ana regewa, ni ma aka ba ni taɓarya har tafin hannuna ya yi bororo. Muka gama mudu 10. Mama mutum ce wadda ba ta son shiga mota, jiri ya ke sa ta, amma ta ɗaura zanenta na zuwa coci muka tafi Jos tare. A gidan ƙanwar Malama ta gaisa, ta ajiye buhu, ta kwance bakin zane ta fito da kuɗi, ta ce, "'Yar'uwa, ɗana ne ya yi, laifinsa kuwa nawa ne. Ga kuɗinki, ga kuma irin wadda ya kamata a kawo miki." Matar ta ƙi karɓar kuɗin, ta karɓi accar. Ta ce a gaban yaranta ba ta taɓa ganin mai sayar da abu ya biyo ta har gida don ya biya ta ba. Har yau tana saye a wurinmu. Amma mai ɗakin abincin nan ta Bukuru, wadda ta ci a wurin bikin, ba ta sake aikowa ba, haka kuma mutum uku daga cikin abokan aikin matar.

Bayan wannan na zauna da Mama muka tsara yadda za mu riƙa yi. Ga abin da muka tsayar, ko zai yi wa wani amfani.

Na ɗaya, littafi. Na sayi littafin rubutu na ja layuka kamar yadda aka koya mana a darasin lissafi, ga rana, ga suna, ga mudu, ga abin da aka biya, ga saura. Wanda ya karɓi bashi a gabansa na ke rubutawa, in karanta masa, shi da kansa ya faɗi ranar da zai biya. Ba na ba da fiye da mudu 2, ba kuma sabo sai an biya tsoho. Da ina tsoron mutane za su ji haushi, sai na ga akasin haka. In ranar ta zo na kan ce, "Littafin Mama ya ce yau ne." Sai mu yi dariya, a biya. Kunyar da ta hana ni tambaya da, yanzu littafin ya ɗauke mini ita.

Na biyu, raba kyauta da ciniki. Dangi suna da hakki a kanmu, ba mai musun wannan. Saboda haka in kaka ta yi Mama da kanta ta kan kai wa Kawu mudu 2, ta ce masa a fili, "Wannan kyauta ce, Yaya." Abin da ya wuce nan kuwa na sayarwa ne, da shi a ke biya wa marayu makaranta. Tun da ta faɗa masa haka sau ɗaya bai sake karɓa ba biya ba. Rikicin da ya faru da, ni na jawo shi, gama na miƙa masa kaya ban ce kyauta ba ce, ban kuma ce na sayarwa ne ba, na bar kowa da fassararsa.

Na uku, kada a karɓi abin da ba a iya cikawa. In babu, a ce babu. Da masu saye suka ƙaru, Mama ta ɗauki mata uku na unguwarmu suna taya ta surfe, tana biyan su a kan mudu. Amma regewar ƙarshe da taunawa ita ke yi, ba buhun da ke fita gidanmu sai ya bi ta haƙorinta.

Na huɗu, zumunci a ƙafa ya ke, amma kada ƙafar ta riƙa zuwa da buhu kullum. Da fari na ɗauka kowace gaisuwa dama ce ta talla, har wani ya ce mini in ya ga kirana ya san acca ce. Mama ba haka ta ke yi ba. Ta kan aiko ni in duba marar lafiya, in kai gaisuwar haihuwa, ba zancen ciniki. Wanda ya kawo mana sabon mai saye a kan yi masa gyara mai kyau a mudunsa, a kuma gode masa da baki. Sa'ad da surukar Malama ta rasu a 2024, Mama ta sake jure jirin mota ta zo gaisuwa, ta kwana biyu tana taya su girki. Da na ce mata ai sun ga ƙoƙarinta, sai ta ce ita ba don a gani ta je ba, tsohuwar ce ta fara yaba aikinta a duniya. Ko zancen kai kaya ma sanayya ce ta fid da mu. Da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023 kuɗin mota ya tashi, zuwa Jos da mudu 5 ya zama asara. Sai muka koma tara saƙon kowa sau ɗaya a wata, wani direba ɗan ƙauyenmu ya kai buhunan gidan ƙanwar Malama, kowa ya zo ya ɗauki nasa. Shi ma direban kuɗinsa cif a ke ba shi, ba a ce ai na gida ne.

Na biyar ya shafe mu musamman, mu da za mu zama malamai. Da na je gwajin koyarwa a wata firamare a 2024, na dubi yara fiye da 50 a gabana, zuciyata ta ce ai wannan gidaje 50 ne. Har na yi niyyar in ce su gaya wa iyayensu Malam yana da acca. Allah ya sa na fara shawartar Hedimasta, wani dattijo da ya kusa barin aiki. Ya ce, "Malam, uban da ɗansa ke ajinka ba ya iya ce maka a'a. In ya saya, ba ka san ko accar ya ke so ko makin ɗansa ba. Ran da ka kada yaro a jarrabawa kuma za a ce don ubansa bai saya ba ne. Ka sayar wa malamai 'yan'uwanka a ofis in suna so, amma aji ba kasuwa ba ne." Na bi maganarsa. Albashin malami kaɗan ne, na san kusan dukanmu za mu haɗa da wata sana'a. Sai dai akwai sanayyar da ba ta halatta a ci riba da ita ba, watau ta wanda ke ƙarƙashin ikonka.

Ban ce sanayya ita ce iyakar ciniki ba. Mutanen da ka sani, da waɗanda suka sani, suna da iyaka. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 2023 ta zama shekarar gero da danginsa, acca kuwa tana cikinsu, yanzu a manyan kantunan birane ana ganinta ƙulle a leda da suna a jiki. Wanda zai kai kayan abinci irin waɗannan kantuna sai ya yi rajista da hukumar NAFDAC. Da na yi tunani sai na ga lambar nan da a ke bugawa a jikin leda aikin Malama ta ke yi, watau tana tsaya wa mai kaya a wurin baƙon da bai san shi ba. Na kuma karanta labarin wani malamin makaranta a Dakar ta ƙasar Senegal, Sanoussi Diakité, wanda ya ƙera injin surfen acca, har aka ba shi lambar yabo a 1996. Abin ya ƙara mini ƙarfi da na ji shi ma malami ne. Burina in na fara ɗaukar albashi in haɗa kai da matan nan huɗu mu nemi inji, ko taɓarya ta huta. Amma ko mun samu, ina tsammani Mama ba za ta bar taunawa ba.

Yau gidaje 23 ke cikin littafinmu, in ka bi sawunsu kuwa kusan duka daga mudu 2 ɗin nan da na so in hana Malama suka fito. Ƙanwata ta gama sakandare, an kuma sake sayen akuya. Abokin nan nawa kuwa ni na je na same shi. Na ce masa laifin namu ne mu biyu, shi bai biya ba, ni ban tambaya ba. Ya biya rabi, na yafe rabi, muka koma kwano ɗaya. Shi ne ma ya zana rawanin nan a kwali, ya faɗa mini da bakinsa ran da muka shirya.

To, 'yan'uwa, wanda zai tallata sana'ar gidansu a wurin waɗanda ya sani, ya tuna ba kayan kaɗai ke hannunsa ba, har da sunan mai yinsu da sunan wanda ya yabe su. In jarin kuɗi ya karye a kan sayar da akuya a tashe shi, amma mai ɗakin abincin nan ta Bukuru har yau ba mu san abin da za mu sayar ta dawo ba.

A ƙarshe ina tuna wa mutum uku a kwalejin nan, waɗanda suka san kansu, cewa akwai sauran mudu 7 tun na Fabrairun 2023. Ba zan ambaci suna ba, gama Malam Edita ya hana. Amma mun kusa fita, ɗakina kuwa ba a sauya shi ba. In kuɗi bai samu ba ko gaisuwa a zo a yi. Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa.